Na ɓoye wakena, yayata ta sayar da akuyarta

Malam Sha'ibu, don Allah ka taimake ni da shawara, na gaji. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Cadawa. Sunana kam ka bar shi.

Kowace kaka haka nake fama. Da an ga amfani ya shigo gidana, sallama ba ta yankewa. Wannan matarsa ta haihu, wancan zai kai yaro lakol, wato makarantar boko, wani ko dalili ba ya kawowa, sai ya zauna yana ta yabon gonata har kunya ta sa in ɗebo mishi. Kafin bazara, lokacin da wake ke daraja, ni ke yawon neman iri. Kuma bakina bai iya cewa babu ba.

Bana sai na yi dabara. Wakena ko gida bai shigo ba. Daga gona na ɗora shi a amalanke na kai wa abokina Dikko a Cadawa, ya zuba a buhunan nan masu leda ya ajiye. Na dawo ina cewa tsutsa ta gama da gonar. Na naɗe sabuwar rigata, na hana sayen nama. Kowa ya yarda, har maiɗakina.

To, Malam, yardar ce ta yi yawa. Maƙwabcina Mustafa, wanda gonarsa ba ta kai rabin tawa ba, ya aiko mini da damin zakka. Wannan na daure na haɗiye. Sai kuma yayata Tani. Ita ta goya ni, mijinta ya rasu, akuya ɗaya gare ta, mai ciki. Ranar kasuwa ta sayar da ita, ta auno gero ta ɗauko a ka har gidana, wai kada 'ya'yan ƙanenta su kwana da yunwa. Na karɓa, har godiya na yi.

In na faɗi gaskiya na zama maƙaryacin gari, waken kuma ya watse kamar kullum. In na yi shiru, da wane ido zan dubi Tani? Wallahi na gaji da roƙon, na gaji da ƙaryar.

Wani manomi, yankin Cadawa

Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya maka. Ba kai ka fara ba. Masu binciken tattalin arziki sun daɗe da lura cewa a wurare da yawa mutum kan ɓoye samunsa, har ya yarda ya yi asara, don kada dangi su gani. Son tanadin iri da abincin bazara ba rowa ba ne, haƙƙin iyalinka ne.

Amma ka dubi ɗaya gefen. Al'adar da ke kwashe maka amfani ita ce ta kawo damin Mustafa da geron Tani ƙofarka. Ba su tambaye ka shaida ba. Ka gwada mutanenka ba da niyya ba, kuma sun ci jarrabawa.

Damin zakka ba naka ba ne. Ka miƙa shi ga wanda ya cancanta, ka sanar da Mustafa tsakaninku, ka kuma tambayi limaminku zakkar da ke kan wakenka. Maiɗakinka ta ji daga bakinka kafin ta ji a rijiya. Ba sai ka tara gari ba.

Baɗi kada ka ɓoye. Ranar da ka cire amfani, ka ware kason dangi a fili, ka faɗa cewa sauran iri ne da na bazara, sannan ka kai ajiya da rana kowa na gani. In kason ya ƙare, ya ƙare. Za a yi gunaguni, wasu su ɗauke maka gaisuwa na ɗan lokaci. Wannan ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da kake ɗauke da shi yanzu.

Kafin duk wannan, Tani. Kasuwa mai ci ta gaba ka fitar da wake, ko nawa ake saye, ka nemo mata akuya mai ciki, ka ja ta da hannunka har gidanta, ka durƙusa ka faɗa mata komai. Na san za ka ce farashi bai tashi ba. Ita ba ta jira akuyarta ta haihu ba, kai ma kada ka jira wake ya yi tsada.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa albarka a gonarka, ya saka wa Tani da alheri.

Malam Sha'ibu