Kar Ka Taɓa Kangon Da Ke Bayan Gidanka

Fergal,

Na gaji da jiranka, na tafi kai Eduardo maƙabartar coci ya ga kaburburan kakanninsa. An gano asalinsa!

Kai ne mai cewa baƙon nan na Ajantina wahalar banza yake yi wajen neman danginsa, tunda kowa a ƙauyen nan sunan zuriyarsa Farrell ne, kamar shi. To, ɗazu na kai shi wajen Gwaggo Nuala. Ta ce, "Ɗana, rabu da Farrell ɗin nan, mu ba da shi muke gane mutum ba. Ɗan wa ake ce wa kakan naku?" Ya ce shi dai a gidansu "Tomás na Máire mai saƙa" yake ji.

Sai ta buga tebur har shayi ya zube. "Ai Máire mai kangon nan da ke bayan gidan Fergal ce!"

Wato kangon kakanninku da ka ce yau za ka rushe ka yi wa tumaki shinge. Kar ka taɓa ko dutse ɗaya.

Akwai dankali a tukunya. Ka sa rigar kirki, ɗan'uwanka zan kawo maka cin abinci. Ni dama tun zuwansa na ga kunnuwan nan naku a jikinsa.

Orla