Ƙafar dattijon Belel

Mubi, Jihar Gongola

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Yaya Anti Hannatu da yara? Mu nan lafiya lau, Mama ma jikinta da sauƙi.

Na gode da aikin ofis da ka samo mini, amma Yaya, ka ba wani, ba zan bar karatun nas ba. Ranar da na rubuto maka ƙorafi raina ne a ɓace, don tun da aka turo mu asibiti koyon aiki, gyaran gado kawai Sista, babbar nas ɗinmu, ke sa ni.

Mako uku ke nan da aka kwantar da wani dattijo daga Belel mai gyambo a ƙafa. Da na zo da auduga sai ya janye ƙafar, ya ce, "Ɗaliba ce, ba za a koya a kaina ba."

Sista ta ce, "Baba, ni ma a ƙafar wani na koya. Ga ni tsaye."

Na wanke gyambon, na ɗaure. Sau biyu tana sa ni in kwance in sake, wai na matse. Da na fita sai da na yi kuka.

Jiya wata nas ta zo wanke masa, ya ce a kira masa 'yarsa Rifkatu, wato ni. Gyambon ya fara haɗewa.

Faɗan Sista yana nan, amma koyarwa take yi, ni kuma sai na ga ƙarshen karatun nan. Ka sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Rifkatu