Baba, Inna Ta Ce Ba Za A Yi Mata Aiki Ba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Likita Umaru,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga uba, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Amma tun da ka rasu ban taɓa shiga halin da na rasa wanda zan kai wa kuka ba sai yanzu.

Baba, Inna ba ta da lafiya. Sankara ce a mama. Ni na fara duba ta, na kai ta aka yi gwaji, sakamako ya fito yadda nake tsoro. Ciwon bai bazu ba tukuna. Idan aka yi aiki yanzu, ana sa ran ta samu shekaru masu kyau. Ta ce ba za a yi ba.

Ka tuna farkon da aka ba mu jiha, da ka baro Sakkwato muka tare a unguwar Gesse a Birnin Kebbi? Likitocin garin a lokacin ba su da yawa. Kai ne duba marasa lafiya, kai ne koyar da ɗaliban jinya da sababbin likitoci. Ni ina karatun likitanci, duk hutu sai in riƙa bin ka zagayen asibiti.

Ba ka taɓa yi wa majinyaci magana a tsaye ba. Kujera kake ja ka zauna, in babu ka tsuguna. Idan ɗalibi ya fara zuba Turanci a kan gadon mutum, sai ka dakatar da shi ka ce, "Faɗa mashi da Hausa. In ba ka iya ba, kai ma ba ka gane ba."

Na kasa manta Malam Garba, manomin shinkafar nan na Zauro. Yana da ciwon suga, wani abu ya soke shi a fadama, ya yi ta fama a gida har ƙafar ta yi baƙi. Ka zauna ka gaya masa gaskiya ba tare da ka tsorata shi ba: in ba a yanke ba, ciwon zai shiga jini. Ya saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "Likita, na ji kuma na gode. Da ita anka haife ni, da ita za a rufe ni."

Wani sabon likita ya ce tunda 'yan uwansa sun yarda, a sa shi barci a yi aikin, in ya farka zai gode. Ka ce masa, "Hankalinai ƙalau yake. Ya ji, ya gane. Ƙafar tasa ce."

Ba ka ƙyale shi ba kuma. Ka yi ta komawa wurinsa. Ka nemo wani mutumin Argungu da ka taɓa yanke wa ƙafa, wanda ke sana'ar albasa yana ciyar da iyalinsa, suka yini suna hira. Ka kira limamin garinsu. Malam Garba ya gode wa kowa, ya ce a mai da shi gida. Ka ba shi maganin rage zafi, ka koya wa matarsa yadda za ta riƙa wanke ciwon. Bai ga girbin shekarar ba.

Tare muka je ta'aziyya. A hanyar dawowa ka tsayar da mota a bakin fadama, ka riƙe sitiyari. Na tambaye ka ko daidai muka yi. Ka ce, "Ban sani ba, Hauwa. Na dai san ba ni da ikon yin wanin haka."

Yanzu ni ke tsayawa gaban ɗalibai, Baba. Ina ba su labarin nan ba tare da suna ba, suna rubutawa, suna cin jarrabawa da shi. A aji maganar tana da sauƙin faɗa.

Inna ta koma Argungu gidan Kawu bayan rasuwarka. Can na same ta, na zauna kan tabarma kusa da ita, na yi mata bayani dalla-dalla yadda ka koya mini. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ita ta yi jinyar yayarta da aka yi wa irin wannan aikin, ta ga abin da ya biyo baya, ba ta son a maimaita a jikinta. Na ce mata na yayarta ya riga ya yi nisa, nata daban ne, kuma magani ya ci gaba. Ta ce, "Na ji, ɗiyata. Ban so." Na koma na sake komawa. Na kai mata wata mata da ta warke. Inna ta ba ta fura da busasshen kifi, ta rako ta har ƙofa.

Yaya Sani ya daina yi mini magana. Shi a ganinsa a ce mata ɗan ƙulli ne za a cire, in ta yi barci a yi abin da ya kamata. Kafin ya daina ya ce mini, "Ke likita ce, kina kallo uwarki ta mutu?" Duk hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi ina tuƙi ina juya maganarsa, kuma wallahi akwai inda zuciyata ke cewa ya fi ni gaskiya. Ba zan yaudari Inna ba. Amma ba ka gaya mini yadda ake rayuwa da hakan ba idan mai ciwon ita ta goya ka.

Ina gane komai, Baba, abin da ya fi ciwo ke nan. Na san yadda watanni masu zuwa za su kasance, na san inda zai fara taɓawa, na san ranar da za ta daina iya ɗaga hannu. Kawu da sauran suna da sauƙin rashin sani. Ni ba ni da shi.

Da zan tafi wancan makon ta riƙe hannuna a zaure ta ce, "Ranar Juma'a ki zo ki yi man kitso. Likitar ki baro ta Birnin Kebbi." Zan je. Zan zauna a bayanta in tsefe mata kai, mu yi hirar jikoki da farashin shinkafa, in riƙe bakina. Ban san ko zan iya ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya saka maka da alheri a kan kowane mara lafiya da ka zauna ka saurara. Allah Ya juyo da zuciyar Inna in akwai sauran kwana a gaba. In kuma babu, Ya sassauta mata, Ya ba ni ƙarfin zama kusa da ita har ƙarshe. Amin.

Ɗiyarka mai kewarka,
Hauwa'u