Aguwar da Ta Ci Burtali

Garin Ɗanjuma, ta Korgom
6 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Yaya Misbahu, majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Tchake, uban Ƙungiyar Mu Gyara Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Inna Uwani na gaishe ka, ta ce tun da ka zama babban mutum ƙafarka ta manta hanyar gida.

Ga labarin ƙungiya a takarda, tun da saƙon murya ba saurara kake ba. Mun share kasuwa sau biyu. Mun ɗaga katangar maƙabarta ta yamma, wadda awaki suka mai da ƙofarsu. Amalanken da ka ba mu ya kai mata uku haihuwa Korgom. Ɗaya ma ba ta jira an isa ba, a gindin gawo ta sauka, kuma an sa wa yaron sunanka, sai ka shirya riga. Ashiru shugabanmu ya yi jawabi wurin sunan har san da ke jan amalanke ya gaji ya kwanta.

Yanzu babbar magana. Ka san abin da ya faru bara a burtali. Shanun Baba Halilu sun zo wucewa arewa, hanya ta matse, suka faɗa hatsin Ɗan Malam maƙwabcin gonarmu, aka fasa wa Aliyu ɗan Baba Halilu kai. Har yau tabon na goshinsa. Mun ce bana ba za a sake ba. Muka ɗauki igiya, da maigari da dattawa, muka auna burtalin daga tabki har bakin daji. Dattawa sun ce faɗinsa na asali taki hamsin ne. Gonaki takwas sun ci shi. Yaya, ta takwas ɗin tamu ce. Shingen aguwa na gabas ya shiga hanyar shanu da taki goma sha biyu, kuma daidai nan aka yi faɗan.

Masu gona bakwai sun yarda su ja baya, amma sun ce sai gidan sakatare ya fara. Sakatare kuwa ni ce. Tun rasuwar Baba gona a hannunka take, don haka ina neman izininka mu tuge aguwar mu mai da ita wurinta kafin ruwan shuka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Rufaida

*

Tchake
13 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Rufaida,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki ta hannun Bilal mai moto. Muna lafiya. Ki gaishe da Inna da kyau.

Na ji daɗin aikin maƙabarta da na mata. Maganar gona kuwa, amsata a'a ce, kuma ba na so a sake tada ta.

Na kafa ƙungiyar nan don share gari da taimakon marasa lafiya, ban kafa ta don a tsaya gaban jama'a da igiya ana auna mutuncin mahaifinmu Malam Bawa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sahun gaba a masallaci, yau yana kabari, ɗiyarsa ta cikinsa za ta nuna wa gari cewa ya ci hanya? Dattawan da suka ce taki hamsin, wa ya auna ƙafafunsu? Ki tuna ni na riƙe ki a lakwal, makarantar boko, har kika zama madam mai koyarwa. Ban yi haka don ki zo ki koya mini iyakar gonar ubana ba.

Idan aka taɓa aguwa ɗaya, zan janye amalanke da sa, kuma ku nemi wani uban ƙungiya.

Wassalam.
Misbahu Bawa

*

Garin Ɗanjuma
27 ga Afrilu, 2024

Yaya Misbahu,

Sallama da gaisuwa irin ta addini. Ina fata kana lafiya, duk da na ga alamar zafin Tchake ya hau maka kai.

Ba a taɓa aguwarka ba, amma ka riga ka aiko an tafi da amalanke. Na gode. Yara sun bi shi har bayan gari kamar an yi rasuwa. Ni ban yi kuka a gabansu ba, sai da na shiga ɗaki. Ya yi mini ciwo, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

To ka ji abin da ya biyo baya. Mun riga mun saro rassan aguwa a daji don sabon shinge, ga shi babu abin ɗauka. Ashiru ya ce a dakata. Ramlatu ɗiyar Baba Halilu, wadda ta shiga ƙungiya bana, ta miƙe ta ce, "Mu dakata mi? Kawunanmu ma an aiko a tai da su?" Mu mata goma sha tara muka naɗa gammo, muka yi sawu huɗu da rana tsaka. Ruwan aguwa ya ɓata mana zannuwa ya ci mana hannu. Maza da suka ga haka kunya ta tashe su daga gindin bedi.

Mun dasa iyaka a duk inda babu rigima. Saura gonakin nan takwas, kuma bakwai suna kallon ta takwas. Jiya Ɗan Malam ya tare ni bakin lakwal yana dariya, ya ce, "Madam, igiyar taku gajeruwa take yi in ta zo gonarku?" Na shige aji.

Ka ce ka riƙe ni a lakwal. Gaskiya ne, kuma har in mutu ina gode maka. Amma a lakwal ɗin nan aka koya mini cewa taki goma sha biyu ba ya zama sifili don gonar gidanmu ce. Ni ma ina da gado a gonar nan. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, shanu kuma ba su san majo ba. Ba zan bari a sake fasa kan ɗan wani a bakin shingenmu ba.

Ƙanwarka mai taurin kai, kamar yadda kake faɗa,
Rufaida

*

Tchake
2 ga Mayu, 2024

Rufaida,

Sallama. Ba zan yi doguwar magana ba. Ranar da kika sa hannu a shingen Baba, ki ɗauka ba ki da wa. Ina nufin abin da na rubuta.

Misbahu

*

Garin Ɗanjuma
9 ga Mayu, 2024

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba.

Na karanta wa Inna takardarka. Na so in ɓoye, amma ta ga idona. Tana tsince wake, ta ce, "Shingen Baba ya ce? Sake karanta mini wurin." Na sake. Sai ta ajiye faifai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, don lokacin ina goye.

Ta ce shekarar da Baba ya faɗo daga rumbu ya kwanta wata biyar, kai kaɗai ka yi noma, kana ɗan shekara goma sha bakwai, ga baki tara a gida. Ta ce da bazara ka tuge aguwar gabas ka matsa da ita, don hatsi ya kai mu kaka. Da Baba ya tashi ya je gona da sanda, ya gani. Ya dawo ya ce mata, "Yaron nan don mu ya yi. In na maida ita, gari zai san wanda ya matsa." Bai taɓa yi maka maganar ba.

Amma bai taɓa cin hatsin wurin ba, Yaya. Kowace kaka dabam yake ɗaure dammunan gefen gabas, ya kai zangon su Baba Halilu da kansa, ya ce haƙƙin hanya ne. Shekara ashirin yana haka. Bayan rasuwarsa ka ce a riƙa zuba komai rumbu ɗaya, Inna kuma ta kasa buɗe baki.

Na je wurin Baba Halilu na tambaye shi. Ya ce, "Ɗiyata, mun sani tun ran da aka dasa ta. Malam Bawa ya roƙe mu mu rufa ma yaro asiri, mun ko rufa." Mutumin da aka fasa wa ɗansa kai a wurin nan ke nan, kuma ko a gaban maigari bai ambaci sunanka ba.

Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ban ji haushinka ba, tausayin yaron nan mai shekara goma sha bakwai na ji, don da hatsinsa aka yaye ni. Amma kada ka sake laɓewa bayan Baba. Shi ya biya abin da zai iya, saura mu.

Ranar Asabar, sha takwas ga wata, bayan sallar asuba, ƙungiya za ta tuge aguwar. Masu gona bakwai za su zo da gatarinsu. Zan tsaya a gaba, ko ina da wa ko ba ni da shi. Na fi so a ce ina da shi.

Ƙanwarka har kullum,
Rufaida

*

Tchake
14 ga Mayu, 2024

Rufaida,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau uku. Shekara ashirin da shida ina zaton ni kaɗai na sani.

Amalanke da sa suna hanya, gobe za su iso. Ki ce wa Inna ta gafarce ni, Baba Halilu kuwa ni zan je masa da ƙafata.

Ranar Asabar kada kowa ya sa gatari sai na iso. Ni na dasa ta, ni zan fara tuge ta, kuma da bakina zan gaya wa gari haka.

Wanki,
Misbahu