Lemon Cittata da Sunan Wani

Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama, da sauƙi? Ka gaishe mini da Anti Kande da yara. Ni lafiyata lau, sai dai tsayuwar awa tara a kamfanin biskit, amma bayana ya fara sabawa.

Na ga hoton kwalbar da ka sayo a Sabon Tasha. Tunda ka ɗanɗana ka ji har kanumfarin, lemon cittata ne, suna kawai aka canza. Shekara biyu ina zirga-zirga daga gidanmu a Narayi zuwa ofishin hukumar kula da abinci neman wa lemon lambar rajista. Baba Bulus, dattijon cocinmu da ke aiki a can, shi ya ce, "Rubuto yadda kike haɗawa, 'yata, ni zan tsaya miki." Ashe surukinsa ya tsaya wa. Cikin wata biyu aka ba surukin lamba da haɗina.

A nan ƙasar Holan, wata 'yar Ghana abokiyar aikina ta yi wa sana'ar yajinta rajista cikin sati guda, ba ta durƙusa wa kowa ba. Da ta nuna mini takardar, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Injin markaɗena, ka lulluɓe shi, kada ka sayar. Idan Baba Bulus ya tambayi labarina ran Lahadi, ka ce ina ƙoƙarin sa sunansa cikin addu'a, bakina ne ya ƙi.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanwarka,
Rifkatu