Fensirin Baba a Gefen Shafi

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, idon ne dai yake ta ja baya, yanzu ko manyan baƙaƙe ba ta gani sai na karanta mata.

Raina a ɓace yake, kuma kai ne za ka gane dalili. Ka san yadda marigayi Baba yake karatu, fensir a kunne, yana faɗa da mutanen cikin littafi a gefen shafi. Wannan ya kira shi maƙaryaci, wancan ya rubuta masa Allah ya ƙara, wani wurin ya ce yunwa ce ta kama marubucin shi ya sa ya yi sauri. To, watan jiya Auta ya zo gyara ɗakin Baba za a yi fenti, ya kwashi kwali uku ya kai wa mai tsofaffin littattafai na bayan tashar mota, wai suna tara kyankyasai. Mutum da gemunsa, ko tambaya babu. Da na yi magana sai ya ce ai duk mun karanta su. Mama kuwa ta ce mini labaran ta san su, muryar mijinta take so ta ji, kuma a gefen shafukan nan kaɗai ta rage.

Sati biyu ina sintiri a shagon. Ba zan ɓoye maka ba, neman da daɗi. Ka tsuguna gaban tuli, kana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, sai ka hango koren bangon da ka sani tun kana yaro. Har ƙawa na yi, wata ma'aikaciyar jinya da ke fara duba shafin ƙarshe, in an mutu ta ajiye, wai mutuwar da take gani a wurin aiki ta ishe ta.

Na tsinto goma sha ɗaya. A nan tsaye na buɗe na farko, shafi fes. Na biyu ma haka. Ashe ɗabi'ar mai shagon ce, duk littafin da ya shigo sai ya zauna da robar goge fensir ya bi shi shafi-shafi kafin ya ɗora a tebur. Har da alfahari yake gaya mini, wai na dattijon nan sun fi ba shi wahala, kwana huɗu ya yi a kansu, roba biyu ta ƙare. Ya nuna mini garin robar a ƙarƙashin benci. Na rasa ko in yi kuka ko in rufe shi da faɗa, don mutumin kirki ne, a ganinsa gyara ya yi.

Jiya na daure na karanta wa Mama ɗaya, ban gaya mata komai ba. Da muka kai inda kawun yarinyar labarin ya sayar da gonar marayu, sai ta ɗaga hannu ta ce na yi tsallake, a nan Baba ya rubuta ko akuya ba zai ba wannan mutum ajiya ba. Dole na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce in nemo fensir tun tana iya tunawa. Mun bi shafi arba'in, wuri shida kawai ta kawo. Sauran sai ta ce ta san ya yi magana a nan, amma maganar ta tafi.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, da Doguwa in ta dawo daga makaranta. Gwaggo tana gaisuwa, Auta ma, ko da yake har yau ba ya iya haɗa ido da ni. Kai ka fi mu zama kusa da Baba yana karatu, don Allah duk abin da ka tuna, ko kalma ɗaya ce, ka rubuto da wuri. Na sa ɗigo a duk inda Mama ta tsaya, sun kai talatin da ɗaya.

Taka,
Ƙanwarka