Kunnen da Kaka Ɗangoma ke jira

Zuwa ga Kailu, gawon zuciyata mai ganye a tsakiyar rani, ruwan farko na shukata, sanyin randar ɗakina.

Ina gaishe ka, amma gaisuwar yau da fushi na dama ta. Hotunanka sun iso salulata: ga ka a dajin Gabon kana aikin sa kai, kana gadin giwaye, kana naɗar waƙoƙin tsofaffin can don kada su ɓace. Madalla! To, tsohon gidanku fa, wa ka bar wa shi?

Ka tuna ranar kasuwar Filinge da muka rako kakanka Ɗangoma gida ta bakin kurmin kakanni? Ka miƙa hannu za ka tsinko mini magarya, ya buge hannun, ya ce ko tsinke ba a ɗauka a nan. Ka yi dariya, ka raɗa mini cewa haka za ka tsare ni. Ni kuwa sarkin wauta, na yarda.

Kurmin nan ba shi da shinge sai kalmomin da Kaka ke faɗa kafin shuka. Ka san ƙa'idarsu: daga bakinsa zuwa kunnen namiji na jininsa, babu na uku. Baffanninka sun ce sun bar wannan hanya, saura kai kaɗai. Na kai masa salula don ya faɗa maka, ya ture ta, wai ba ya raɗa wa ƙarfe. Masu saran itace kuwa sun fara zagayowa da amalanke, suna tambayar jikin Kaka kamar 'yan uwa.

Haba hasken idona! Giwar Gabon ta rasa masu gadi ne? Kewarka ta hana ni ci, haushinka ya hana ni kuka, kullum idona na kan hanyar Yamai. Na gaji, Kailu, wallahi na gaji.

Jiya na kai wa Kaka fura. Idonsa ya tafi, ba ya gani, da ya ji takuna sai ya kira sunanka, ya ce in sunkuyo. Na sunkuya. Ya lalubo kunnena, bakinsa har ya buɗe, sai yatsunsa suka taɓa ɗan kunne. Ya sake ni, ya juya fuska ga bango.

Ka taho kafin ruwa ya sauka. Ni ko shekara nawa ce zan jira ka, numfashinsa ne ban isa in riƙe maka ba.

Taka har ƙasa ta rufe ido,
Tambara